Ɗan Mai Sabulu Da Daren Da Aka Kama Wata

Duk faɗin Doha, tun daga dogayen benayen West Bay har inda kwalta ta ƙare yashi ya karɓa, ba na jin akwai mutum na biyu da ya taɓa ceto wata da hannunsa. Ni kaɗai ne, ni Hamisu, kuma ina da shaidu, sai dai yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuma ba su da kirki. Na tuna da wannan matsayi nawa da safiyar Lahadi, 21 ga watan Yunin 2020, ina tsaye a ƙofar benen da nake gadi, takunkumi a fuska, na'urar auna zafin jiki a hannu, ina jiran goshin da zan auna. Lokacin korona ne, ofisoshi rabi a rufe, titin da a da sai ka yi addu'a kafin ka tsallaka ya zama fili, kana iya shimfiɗa tabarma a tsakiyarsa ka yi barci. An soke hutuna, jirage sun daina tashi, ni kuwa ƙafata ta ƙi zama wuri ɗaya: in je bakin gilashi, in dawo tebur, in auna goshina da kaina, in sake komawa. Sai na ga hasken gari ya canza. Rana tana nan, amma kamar an sirka ta da ruwa. Zafin da ke dafa mutum cikin yunifom ya ɗan sassauta, inuwar ganyen bishiyar bakin ƙofa ta zama ƙananan lauje-lauje a kan daɓe. Husufin rana ne, waya ta riga ta faɗa tun kwanaki. Na kasa kunne. Babu ganga, babu gwangwani, babu muryar yaro ko ɗaya, sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki. Shirun nan na san shi. Na taɓa jin irinsa ina ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma wancan karon ni na haddasa shi.

Garinmu ƙaramin gari ne tsakanin Funtua da Malumfashi, irin wanda in ka yi atishawa a gabas za a yi maka addu'a daga yamma. Inna, mahaifiyata, sabulun salo take yi. A bayan ɗakinta akwai murhu da wani rabin duro da ya yi baƙi ƙirin, a ciki take dafa mai da ruwan toka. Aikina ne in kwaso kara daga gona, in ƙona, in tara tokar a kwando a zuba ruwa tana ɗiga, sannan in tsaya da muciya ina juyawa har kafaɗata ta mutu. In ya dahu ya huce, Inna ta dunƙula, ni in ɗauki faranti ranar kasuwa. Warin sabulun nan ya bi ni ko'ina. A aji ba a son zama kusa da ni, awaki ma suna kauce mini a hanya. Sai dai ina da abu guda da ya fanshe ni a idon yara: garwar kananzir da babana ya kawo daga birni, wadda in na doka ta ana ji har gonakin bayan rafi. Da ita muke korar tsuntsaye daga gero, da ita muke tashe da azumi, kuma da ita nake jagorantar yara duk daren da aka kama wata.

Ga yadda abin yake a wurinmu. In wata ya fara duhu, maza su nufi masallaci, liman ya ja doguwar salla, ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko haihuwarsa. Tsofaffin mata kuwa nasu bayanin daban: wata ne ya yi gangancin bin hanyar rana, ita kuma ta cafke shi, sai an ba ta haƙuri. Ba da haƙurin nan aikin yara ne. Mu fito da garwa da gwangwani da murfin tukunya da tsohon faranti, mu zaga gari muna bugawa muna roƙon rana ta sake shi. Shekarar da ta gabaci wadda nake ba ku labari sau biyu aka kama wata, sau biyu kuma muka karɓo shi, ni a gaba, Tanimu ɗan maƙera a bayana yana jin haushi, don shi murfin langa kawai gare shi.

Sai Malam Ilu ya shigo cikin rayuwata ya dagula ta. Malamin aji biyar ne, siriri, mai keke da rediyo, mutumin da ba ya iya wuce tambaya bai tsaya ba. A bazarar 1986 ya sa muka taru da asuba a filin makaranta don mu ga tauraruwa mai wutsiya. Na zaci zan ga wuta tana jan jela daga wannan gefen sama zuwa wancan. Abin da na gani kamar an goge alli da yatsa a kan allo. Amma labarin da ya biyo baya ya fi tauraruwar haske. Malam ya ce wani Bature ɗan Ingila, masanin taurari da lissafi, shi ya gano cewa tauraruwar nan tafiya take tana dawowa, har ya faɗi lokacin da za ta sake zuwa. Sunan mutumin ya ƙi zama a bakinmu, kowa da yadda yake karya shi. Da Malam ya ce uban Baturen attajiri ne mai sana'ar sabulu, sai aji duka ya juyo ya kalle ni, aka fashe da dariya. Daga ranar sunan Baturen ya zama Ɗan Mai Sabulu, ni kuma a zuciyata na gama yanke hukunci cewa mu biyu ne a duniya, shi na farko, ni na biyu.

Kowace Juma'a kafin a tashi Malam yakan gutsuro mana kaɗan daga rayuwar mutumin. Yana saurayi ya bar jami'a bai ƙare ba, ya shiga jirgin ruwa zuwa wani tsibiri a tsakiyar teku don ya ƙirga taurarin da ba a gani daga ƙasarsu, gajimare ya yi ta ba shi wahala amma ya dawo da taswirarsu. Daga baya aka ba shi jirgi ya zama kyaftin, ma'aikatan suka raina shi don ba ɗan ruwa ba ne, ya juyo da jirgin gida ya kai ƙarar babbansu, ya sake fita. Ya ƙera wata ƙatuwar ƙararrawa da ake kifawa a cikin teku, mutum ya zauna a cikinta yana numfashi a ƙarƙashin ruwa. Wannan ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Da damina ta cika kududdufin bayan gari, na saci masakin Inna, na kifa shi a kaina, na shiga. Masaki ya ƙi nutsewa, ni kuma na ƙi sakinsa, muka yi ta kokawa har ya juye ya bar ni. Na sha ruwan da ya isa a yi ban ruwan lambu. Tanimu ne ya jawo ni da wuyan riga, kuma bai bar ni na manta ba.

Da kaka ta yi, an yanke gero, dawa tana tsaye, gyaɗa a baje a tsakar gida, Malam ya ba mu labarin da ya jawo komai. Ya ce akwai shekarar da Ɗan Mai Sabulu ya lissafa cewa rana za ta yi duhu a ƙasarsu, ya zana taswirar inda inuwar za ta bi, ya buga ya rarraba tun kafin ranar, don kada mutane su firgita su ce mugun abu zai sami sabon sarkinsu. Duhu ya zo yadda ya faɗa, ya wuce yadda ya faɗa. Sannan Malam ya ajiye alli ya ce yau ɗin nan, Juma'a, da magariba za a kama wata. "Ba ni na lissafa ba," in ji shi, "rediyo ya faɗa, su kuma da irin lissafin mutumin nan suke aiki. Inuwar duniya ce. Ko an buga ko ba a buga ba, zai fito." Na tabbata ya ƙara da tsawon lokacin da abin zai ɗauka, amma ni tuni na bar ajin da zuciyata, ina can ana ɗaga ni a kafaɗa.

Bayan sallar Juma'a na tara yara a gindin tsamiya. Na ce yau ba mai bugawa. Za mu zauna shiru mu ga wata ya ƙwaci kansa, gari duka ya san an yi ɗan mai sabulu a nan ma. 'Yan mata suka ƙi, na saye su da gutsattsarin sabulu. Ƙananan yara na tsorata su. Tanimu ya dube ni ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: duk wanda ya fara bugawa ya fita daga cikinmu, in kuwa ni ne, garwa ta zama tasa har abada. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na hau tsamiyar da kaina na rataye garwar a reshe, don kowa ya ga ba na bukatarta.

Wata ya fito da gefensa a gutsure, daidai ana kiran magariba. Na yi tsalle a ƙofar gidanmu kamar ni na aika shi. Yara suka jeru a kan dakali, wasu sun zauna a kan hannuwansu don kada su yi musu gardama. Duhun ya ci gaba da cin wata a hankali, ni ina zirga-zirga a gabansu ina bayani kamar Malam Ilu, har da tarin da yake yi. Zuwa lisha ya cinye shi duka. Abin da ya rage a sama wani jan dunƙule ne kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Taurari suka firfito da yawa fiye da ƙima, karnuka suka fara haushi, daga masallaci ana jin liman yana jan sura mai tsawo. Ta kan katanga mata suka soma tambayar juna ina yaran garin suka shiga. Na zaci abin kamar wucewar gajimare ne, ka ɗaga kai ka sauke ya wuce. Bai wuce ba. Tanimu ya miƙe ƙafa ya ce, "Malam masani, yaushe zai fito?" Na ce yanzun nan. Ya bari aka jima ya sake tambaya, na sake cewa yanzun nan. Wata ƙaramar yarinya ta fara kuka. Na ce bari in shiga in sha ruwa.

A tsakar gida na tarar da Iya, kakata ta wajen uba, zaune a kan tabarma ita kaɗai, fuskarta a sama. Idonta ya daɗe da raunana. Da rana tana ganin mutane kamar inuwa, da dare kuwa abu ɗaya ya rage mata a duniya, farin wata, wanda takan ce tana ganinsa kamar ƙwaryar nono daga nesa. Saboda shi take ƙin shiga ɗaki da wuri. Ta ji takuna ta ce, "Mijina, kai ne? Ba na ganinsa. Kuma ban ji ku ba. Me ya sami garwarka?" Na tsuguna na zayyana mata komai, inuwar duniya, taswira, sabon sarki, Baturen da ya faɗi dawowar tauraruwa. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko Baturen yana da rai. Na ce ya daɗe da mutuwa. Ta ce, "To shi ba ruwansa da duhu." Ta laluba gefenta ta jawo langar da ta ci tuwo, ta kifa, ta fara ƙwanƙwasa ta da zoben azurfarta.

Na koma ƙofar gida na zauna, na tashi, na zaga dakali, na sake zama. Ta cikin zaure sautin yana fitowa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙarami kamar kaza tana tsintar tsaba a faranti. Duk garin nan mai yara fiye da ƙudaje, tsohuwa ɗaya ce take ba rana haƙuri. Sai sautin ya tsaya, na ji tana tari. Ya dawo, a hankali fiye da da. Yara duka sun ji, ba wanda ya kalli wani. Na ɗaga kai na roƙi watan nan a zuciyata da duk abin da na sani, na ce ko bakin farce ne ya nuna. Yana nan ja, ko motsi. Na tuna garwata a reshen tsamiya, na tuna fuskar Tanimu, na tuna Ɗan Mai Sabulu a cikin ƙararrawarsa a ƙasan teku yana zaune abinsa. Sautin ya sake tsayawa, wannan karon ya daɗe.

Ban san lokacin da na tsinci kaina a bayan ɗakin Inna ba. Na kifar da rabin duron sabulu, na ɗaga muciya da hannu biyu. Kada ku ce na cika baki, amma bugun farko sai da jemagun tsamiya suka tashi, kuma an ce wani ladan a ƙauyen gaba ya faɗo daga kan katanga. Kafin in yi na uku gari ya kama da wuta: faranti, turmi, galma, murfin tukunya, yaran da suka yi alkawari da waɗanda ban ma sani ba. Na jawo duron har gaban tabarmar Iya ina dukansa ina kuka ina waƙa, majina da hawaye sun haɗu. Muciya ta karye, na ci gaba da guntun. Can sai ga wani farin zare a gefen wata, ya yi kauri, ya zama lauje. Iya ta ɗaga hannu ta ce, "Ga shi can." Ta shafa kaina ta shaida wa duk matan da suka shigo cewa yaran garin nan sun lalace, mijinta kaɗai ne ya fito ya karɓo wata.

Da safe Tanimu ya hau tsamiya ya sauko da garwa, ya bi ta ƙofar gidanmu yana kaɗa ta da yatsa. Inna ta ga muciyarta ta rabu biyu, duronta a lotse, ta yi mini bayanin da ya fi na Malam Ilu shiga jiki. Juma'ar da ta biyo Malam ya ƙarasa mana labarin. Ya ce mutumin ya haura sittin aka ba shi babban muƙamin duban taurari na ƙasarsu, ya ɗauki aikin bin sawun wata dare bayan dare, aikin da ke cin kusan shekara ashirin. Aka yi ta cewa ba zai ga ƙarshensa ba, ya gani. Ya haura tamanin ya mutu yana zaune a kujerarsa. Tauraruwar kuwa sai shekaru bayan an binne shi ta dawo, a lokacin da ya ce. "Ya iya jira," in ji Malam. Bai kalle ni ba, amma aji duka ya kalle ni.

Ban zama masanin taurari ba. Abin da nake dubawa yanzu allon kyamarorin tsaro ne, kuma a sararin Doha fitilu sun cinye taurari, in ka ƙirga biyar ka yi sa'a. Iya ba ta daɗe ba bayan wannan shekara, Malam Ilu ma ya tafi, Inna ta daina sabulu tun da gwiwa ta hana ta. 'Ya'yana a gida in an kama wata a waya suke kallonsa, su turo mini hoto. A ƙarshen Oktoban 2022, ana saura makonni a fara gasar cin kofin duniya, rana ta sake yin husufi a nan da yamma. Wannan karon gari cike yake, tutoci ko'ina, hotunan 'yan ƙwallo sun rufe benaye daga sama har ƙasa, motoci suna oda, ana ta ihun yalla yalla irin na Larabawa, ban ga wanda ya ɗaga kai ba. Ba a jima ba ganguna suka cika titi dare da rana, duk don ƙwallo. An ce tauraruwar za ta dawo a 2061. In Allah ya kai ni, zan kai shekarun da Ɗan Mai Sabulu ya mutu, kuma mai yiwuwa idona ya zama irin na Iya. Ina fatan a samu yaro marar haƙuri a kusa.

Ranar wannan husufi na 2022, da na tashi aiki, ban koma masaukinmu na Mu'aither kai tsaye ba. Na sauka unguwar Al Asmakh shan karak, shayin madara mai kauri, da Awudu, direba ne ɗan Zangon Kumasi, sa'ana, mutum mai saurare da ido a rufe. Na ba shi labarin nan tun daga tsamiya har farin zare, na ƙara wa duron girma, na ƙara ladan ɗaya. Na ce masa ya dube ni da kyau, ba kullum ake shan shayi da wanda ya ceto wata ba. Ya buɗe ido ya tambaye ni wace shekara ce. Na ce shekarar tauraruwa mai wutsiya, da kaka. Ya kurɓi shayinsa ya ajiye kofin.

"Na tuna daren," in ji shi. "Ɗan'uwa, mu a Zango tun fitowarsa muke bugawa, da ganguna na gaske. Sai da muka gama aikin ka fito da duron sabulu."